Yadda Talabijin Ɗina Ya Kumbura Yayata

Shekarun baya, ban daɗe da fara koyarwa a wata firamare a Gummi ba, na yi wata sayayya da har yau in na tuna sai na yi wa kaina dariya. Talabijin na saya, irin shafaffen nan mai faɗi da ake maƙalawa a bango, wanda a lokacin kowa ke ce wa filasma. Gidanmu yana Bukkuyum, can mahaifiyata take, ni kuwa sai ƙarshen mako nake zuwa. Muna da wani tsohon talabijin mai ƙusumbi tun mahaifinmu yana da rai, wanda sai an ɗan mare shi a gefe yake kawo hoto. Na ƙudura a raina cewa ni zan fitar da gidanmu kunya.

A cinyata na ɗauko shi tun daga Gummi. Direba ya ce a ɗaure shi a saman mota tare da buhunan albasa, na ce sai dai ni a ɗaure ni a can. Duk ramin da muka faɗa sai na yi salati, har wani dattijo da ke kusa da ni ya yaba da tsoron Allahna. Ban gaya masa gilashi nake ji ba.

Abokina na ƙuruciya, mai gyaran rediyo da wayoyi a bakin kasuwa, shi ya zo haɗawa. Ya ƙwanƙwasa bangon ɗakin ya ce ginin ƙasa ne aka yi wa shafen siminti, ba zai riƙe ba. Na ce zai riƙe. Ƙusar farko da ya buga ta ɓanɓaro siminti kamar faɗin tafin hannu, ƙasa ta zubo a kan tabarma. Inna ta leƙo, ta dubi ramin, ta dube ni, ta koma abinta, wanda a wurinta ya fi faɗa ciwo. Ƙarshe dai a kan teburi muka ɗora talabijin ɗin bango, muka rataya kalanda a kan ramin. Abokina ya jona abin daidaita wuta, ya jona na'urar bidiyo da wayoyin nan uku, ja da fara da ruwan ɗorawa, muka tayar da ɗan ƙaramin janareta.

Da ya saka faifan wa'azi don gwaji, sai hoto ya fito tas a tsakiya, amma dama da hagu baƙi ƙirin. Raina ya ɓaci. Ya yi mini bayani cewa irin waɗannan faya-fayan an ɗauke su ne daidai da tsohon talabijin, sabon kuwa ya fi faɗi, don haka dole a sami rara a gefe. Ban ma tsaya ya gama ba.

"Ni gilashi nis saya gaba ɗai, ba rabi ba," na ce masa. "Cika mani shi."

"Shina cikuwa, amma mutane za su buɗe."

"Su buɗe mana. Ai wuri na anka ba su."

Ya danna rimot, hoto ya miƙe ya cika gilashin daga wannan gefe zuwa wancan. Malamin da ke wa'azi ya ɗan yi ƙasa, ya ɗan yi faɗi, amma tunda ba mu san shi a fili ba, ba wanda ya damu. Cikin kwana biyu idona ya saba. Inna ma da ta ga malamai biyu uku sun wuce, cewa ta yi malaman birni akwai samun wuri, kowanne wuyansa ya cika rawani.

A nan sai na ɗan koma baya, don a gane abin da ya biyo. Ina da yaya mace, ita ce 'yar farin Inna. Wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da wannan ke nufi. Inna ba ta faɗin sunanta, ba ta zama su yi hira, ba ta kallonta ido da ido a gaban mutane. Tun tana ƙarama ƙanwar mahaifinmu, Gwaggo, ta ɗauke ta ta riƙe a Anka, a hannunta ta yi aure. In zancenta ya kama dole, sai Inna ta ce "ɗiyar Gwaggonku". Aure ya kai Yaya Ikko, ta yi shekaru ba ta zo gida ba. In ta kira waya na miƙa wa Inna, sai ta kau da kai ta ce a ce tana amsawa. Ni da na taso ina ganin haka, na ɗauka kawai Inna ba ta cika damuwa da ita ba. Yaya kuma siririya ce, jikin Inna ta ɗauko, irin mutanen da ko sun ci sa guda ba a gani.

A daminar da na sayi talabijin ɗin Yaya ta haihu, haihuwarta ta huɗu. Bayan suna mijinta ya aiko mana da faifan bidiyon taron ta hannun wani direba mai kai dabbobi kudu. Ni kuwa abin nema ya samu. Ranar Asabar bayan la'asar na sa aka gaya wa matan maƙwabta, ɗaki ya cika. Inna ba ta shigo ba. Ta zauna a bakin ƙofa ta ba talabijin ɗin gefe, tana saƙar faifan kaba, irin wanda ake rufe ƙwarya da shi, wai ita iska take sha.

Aka nuno raguna, aka nuno maza a kan tabarmi, sai ga Yaya zaune a bakin gado da jariri a hannu. Ɗaki ya ɗauki shewa. Wannan ta ce Ikko ta karɓe ta, waccan ta ce dubi kumatu, dubi hannuwa. Ni ma na shiga ciki ina cewa ai daɗin aure ke nan. Ta wutsiyar ido na ga Inna ta ɗago sau ɗaya, ta dubi gilashin kamar na ƙiftawa uku, ta ajiye saƙarta ta tashi ta shige ɗakinta. Na ce a raina kunyar 'yar fari ce ta motsa.

Abin da ban sani ba a ranar, sai daga baya Gwaggo ta gaya mini, shi ne Inna ta taɓa yin ƙanwa guda ɗaya tak, uwa ɗaya uba ɗaya, tun kafin a haife ni. Ƙanwar ta haihu lafiya a wani ƙauye wajen Gwashi, bayan suna fuskarta ta fara cika, hannuwa da ƙafafu suka kumbura. Mata suna ta cewa jego ya karɓe ta. Inna ce ta yi jinyarta, a cinyarta ta cika kafin arba'in. To abin da Inna ta gani a gilashina ke nan. Ta ji matan nan suna faɗin irin maganar da aka faɗa wancan karon, ta ga 'yarta da ba ta taɓa yin ƙiba ba ta cika fam, kuma al'ada ta hana ta buɗa baki ta tambaya.

Washegari da hantsi ina goge gilashin da tsumma, abin da nake yi sau uku a rana ko ba ƙura, sai ta tsaya a bakin ƙofa.

"Abin ga naka," ta ce, "abin da yag gani shi ka nunawa, ko shina ƙarawa?"

Da ina da hankali da na tambaye ta dalili. Amma ni na ɗauka yau dai Inna ta fara yaba kayana, sai na gyara tsayuwa.

"Inna, wanga ba shi ƙarya. Ko ƙurji na ga hancin mutum sai ya nuna shi. Ya hi ido gani."

Ta ce to, ta juya. Ni da bakina na sa wa tsoronta hatimi, na kuma koma Gummi da yamma ina jin daɗin kaina.

Da na dawo Juma'ar gaba na tarar ta faɗa. Tuwon da aka kai mata ya dawo kusan yadda yake. Na tambaya ta ce zazzaɓin damina ne, na sayo mata magani ta karɓa ta ajiye a kan taga. Tana ta yi mini wasu tambayoyi da ban ga kansu ba: wai a Ikko ana samun itacen dafa ruwan wanka kuwa, wai mota kwana nawa take yi, wai mutanen can suna da asibiti kusa. Na amsa mata ɗaya bayan ɗaya kamar ina aji, har da ƙarin bayanin da ba ta nema ba. Na kira Yaya a gabanta muka gaisa, ta ce lafiyarta lau, jariri ma lafiya. Inna tana tsaye a bayana tana gyara shanyar da ba ta buƙatar gyara. Da na kashe sai ta ce, kamar da kanta take magana, mai jego ba ta faɗin ciwonta a waya. Wannan ma ya wuce ni. Na lura dai tana ta tara sassaƙe da saiwoyi a wani ƙullin zane, na ɗauka na zazzaɓinta ne.

Mako biyu cur ta yi a haka. Ranar Asabar ta biyu da safe ina karyawa sai ga Gwaggo ta yi sallama, daga Anka, da jakarta ta tafiya a ka. Gwaggo ba ta iya zagaye-zagaye ba. Ko ruwa ba ta sha ba ta kira ni.

"Kai, zo nan. Ɗiyata na can kumbure, kuna nan kuna kallon akwati. Don mi ba ka hwaɗa mani ba?"

Na ce wace ɗiyar, wane kumburi. Ta ce kada in raina mata hankali. Inna ta aika mata tun farkon mako cewa ta gani da idonta. Ita Gwaggo ta kira Ikko an ce mata lafiya, amma ta san ɓoye mata ake yi. Don haka gobe za su kama hanya su biyu. Na dubi Inna. Matar da ko Gummi in za ta sai ta yi kwana biyu tana jimamin mota, matar da ba ta taɓa taka gidan auren 'yar farinta ba kuma ba ta da niyya, ita ce zaune da ƙullinta a ɗaure, ta sunkuyar da kai ta ce ita rakiya kawai za ta yi wa Gwaggo.

Nan Gwaggo ta ba ni labarin ƙanwar Inna, a tsaye, a gaban Innar. Na tayar da janareta na saka faifan, na zauna na kalle shi da idon mai neman ciwo. Ga Yaya nan kuwa, fuska kamar an hura. Na fara tunanin ko dai Inna ce da gaskiya. Sai aka nuno mijinta. Mutumin nan na san shi, dogo ne har yana ranƙwafawa, amma ga shi gajere kakkaura. Aka nuno agogon bango, na ga ya zama kamar ƙwai. Sai maganar abokina ta dawo mini, cewa mutane za su buɗe.

Na aika aka kira shi. Ya zo ya ji bayani, ya buɗe baki zai yi dariya, ya dubi fuskar Inna ya haɗiye ta. Ya karɓi rimot ya danna sau biyu. Baƙin nan ya dawo dama da hagu, Yaya ta koma siririyarta da muka sani. Na juya ina murna na ce Inna ta duba, ba komai, laifin talabijin ne. Ban ce laifina ne ba, abokina ne ya taimaka mini da wannan gyaran.

Inna ta ɗago daga bakin ƙofa ta duba, ta daɗe, sannan ta girgiza kai.

"Ɗazu ka buɗe ta, yanzu ka matse ta. Wane na gaskiya? Kai kac ce ba shi ƙarya."

A ganinta mun haɗa baki ne mun rage 'yarta don hankalinta ya kwanta, kuma wa zai ga laifinta? Abokina ya shiga bayanin faɗi da tsawo, Gwaggo ta ce ya yi mata shiru da turancinsa. Ƙullin Inna yana nan a ɗaure, tafiya tana nan.

Ina ta mayar da hoton baya ina sake dubawa, ban ma san abin da nake nema ba, sai idona ya sauka a kan wani kwano da ke gefen gadon Yaya. An rufe shi da faifan kaba mai tauraro ja da baƙi a tsakiya. Na san wannan saƙar. Duk garinmu ba mai yin wannan tauraron sai Inna. Ita ta saƙa shi ta cusa a cikin kayan barka, tsakanin gero da kanwa, ta ce wai Gwaggo ce ta bayar. Na tsayar da hoton a nan, na ce abokina ya mayar da shi yadda yake da. Faifan ya miƙe ya zama kamar gwanda, tauraron ya baje.

"Inna," na ce, "kin taɓa saƙa faifai haka?"

Ta taso. Karo na farko ke nan da ta shigo ɗakin talabijin yana kunne. Ta matso har gaban teburin ta ƙura wa faifan ido, ta ce ita tun tana budurwa ba ta taɓa saƙa karkataccen faifai ba. Abokina ya sake dannawa, faifan ya dawo da'ira sak, tauraron ya daidaita. Ta ce a sake. Aka sake. Sau huɗu ana buɗewa ana mayarwa, tana bin gefen faifan da yatsa a kan gilashin da ni kaina ba na yarda a taɓa. A na huɗun ta ce wannan ne nata. Gwaggo ta sauke ajiyar zuciya ta ce faifai ya jawo, faifai ya raba, sannan ta nemi a ba ta ruwa.

Na ɗauka Inna za ta koma bakin ƙofarta. Sai ta zauna a kan tabarma, daf da teburin, ta ɗaga kai tana kallon fuskar 'yarta da ke tsaye cak a gilashi. Gwaggo ta buɗe baki za ta tsokane ta, wai yau kunya ta tafi kiwo, sai ta fasa. Abokina ya sulale ya fita. Ni dai tunda nake ban taɓa ganin Inna ta kalli Yaya haka ba, ko a fili ko a hoto. Can ta goge ido da bakin mayafi.

"Ta rame," ta ce.

Gwaggo ta yi dariya har da hawaye, ta ce mako biyu ana kukan ta kumbura, yanzu kuma za a shiga kukan ta rame. Inna ba ta kula ta ba. Ta ce in kira Ikko. Na kira, Yaya ta ɗauka, na yi shirin isar da saƙo kamar kullum, sai na ga Inna ta miƙo hannu. Ta riƙe wayar nesa da kunnenta kaɗan kamar tana da zafi, ta juya mana baya. Muna jin muryar Yaya tana ta gaisuwa, tana tambaya ko lafiya.

"Lahiya lau," in ji Inna. "A hwaɗa ma mai jegon ta riƙa cin abinci. Ta sha kunu da zahi. In ta ga ƙahwarta ta tashi ko kaɗan, ta tai asibiti, kada ta tsaya jin maganar mata."

Sai Yaya ta ce, "Za a hwaɗa mata, Inna."

Inna ta miƙo mini wayar ta fita. Da azahar ta cinye tuwonta har ta nemi ƙari. Aka kwance ƙullin saiwoyi, aka cika zanen da dakkuwa da yaji da man shanu. Gwaggo ta ce tunda ta riga ta ɗaura niyya ba za ta kwance ba, ita kaɗai ta tafi Ikko ta yi musu arba'in.

Yanzu shekaru sun ja. Talabijin ɗin ma ya mutu tuni, wata tsawa ta tafi da shi. Abokina har gobe in mun haɗu a taro sai ya tambaye ni ko akwai wanda nake so a buɗe. Ina dariya, amma akwai abin da yake ci mini rai. Mako biyu mahaifiyata tana ramewa a gabana, tana yi mini tambayoyin da ko yaro zai gane inda suka dosa, ni kuwa hankalina yana kan goge gilashi. Ta zo mini da tambaya mafi nauyi a ranta, na ba ta amsar mai talla. Da na ce mata ban sani ba, bari in tambaya, da ta yi barcinta tun ranar. Tun daga lokacin, in tsoho ya yi mini tambayar da ban ga kanta ba, nakan ajiye abin da ke hannuna in zauna. Na kuma daina auna ƙaunar mutanen da da yawan maganarsu.

Bara Yaya ta zo gida bikin 'yarta, muna zaune da rana a gindin darbejiya na tayar da zancen don mu yi dariya. Ba ta yi ba. Ta ce ita tun tana yarinya a Anka ta san al'ada ce, kowa ya gaya mata al'ada ce, amma sani daban, abin da zuciya ke raya wa mutum daban. Ta yi shekara talatin da wani abu tana zaton in ta mutu ma Inna kau da kai za ta yi. Ta ce ranar nan da aka kashe waya ba ta jin yunwa ko kaɗan, ta riga ta ci. Amma ta tashi ta ɗora tukunya, ta dama kunun kanwa da geron da aka aiko daga gida, ta zauna ita kaɗai a bakin gado ta shanye kwano guda tana kuka, saboda uwarta ce ta ce ta sha.